Kibiyar Bi Kidawa

Shagona yana kan hanyar da ta gangara tashar jirgin ruwa ta Wete. Ina buga wa mutane takardu, ina ɗaukar hoton fasfo, ina kuma da kwamfuta biyu, ɗaya mai aiki, ɗaya ta ado. A duk kalmomin da ke shigowa ta ƙofar nan babu wadda ta tsufar da ni kamar tovuti, wato shafin intanet a bakinmu. Ka je ofis neman abu, mai tebur ba zai ko ɗago kai ba, zai ce maka, "Yana kan tovuti." Sai mutum ya ɗauko maganar da zafinta ya kawo min, yana hararata kamar ni na ɓoye abin. Wani dattijo ya taɓa tambayata ko tovuti yana buɗewa ranar Lahadi. Wata kuma ta ce in gaya wa mutanen da ke ciki ɗanta maraya ne, su dube shi da idon rahama. Ni kuwa Allah bai yi ni da dogon haƙuri ba, duk layinmu an sani, Shamte mai tsawa ake ce min idan na ba da baya. Mutum ɗaya ce tak ban taɓa ɗaga wa murya a kan wannan kalma ba, ita ce Bi Kidawa mai vitumbua.

Tun kafin in buɗe shago tana nan a tsallaken hanya, ƙarƙashin mangwaro, tana toya wainar nan tamu ta shinkafa da madarar kwakwa. Siririya ce, ba ta da yawan magana, hannayenta duk tabon mai. Baƙo ba zai lura da komai ba, amma mu mun san zamanta a juye yake. Duk masu abinci a hanyar gangare suke fuskanta, don su hango fasinjojin da jirgi ya sauke suna hawowa. Ita kaɗai ce ta ba teku baya, ta gwammace ciniki ya wuce ta.

An haife ta a wani ƙauyen masunta a arewacin tsibirin nan namu na Pemba, aka kawo ta Wete tana amarya, gidan Makame. Makame ma'aikacin jahazi ne, irin jiragen katakon nan masu tafiya da iska, suna kai kanumfari da itace Tanga da Mombasa, su dawo da gishiri da kwanon rufi. Tun tasowarsa a jirgi ɗaya yake, ƙarƙashin nahoda ɗaya, wato shugaban jirgi, kamar yadda ubansa ya yi wa uban nahodan aiki. Haka abin yake a wurinmu. Mutum ba ya rabuwa da jirginsa sai da babban faɗa ko mutuwa. Idan aka ce jirgi kaza ya iso, matan mutanen ciki ba sa tambayar wa ya zo, ɗora tukunya kawai suke yi.

Wata shekara, lokacin iskar kusi mai tasowa daga kudu, jirginsu ya bar Tanga bai iso ba. Ba a ga katako ba, ba a ga hula ba. Pandu, ɗansu ɗaya tilo, yana goye a lokacin. Kullum Bi Kidawa sai ta hau tudun da ke bisa tasha ta tsaya da goyonta tana kallon ruwa, har 'yan dako suka riƙa sauya hanya don ba su san me za su ce mata ba. Da iska ta juya, wan mijinta, Mzee Faki, ya tara mutane aka yi wa Makame sallar ga'ib, sallar da ake yi wa mamacin da ba a sami gawarsa ba. Haka aka gada: jirgin da iskar da ta tafi da shi ba ta dawo da shi ba, ba a ƙara jiransa. Ba ta hana ba, don shekarunta ba su kai na hanawa ba. Amma ta taɓa ce min, tana juya waina ba ta ko kalle ni ba, "Da baki suka binne shi, Shamte. Ni ban ga komai ba."

Da kaskon tuya ta reni Pandu. Ta kai shi koyon ɗinki, a cewarta tela ba ya nutsewa. Ya ɗan jima yana ɓata wa mutane yadi, sannan ya tsere Dar es Salaam, ya yi ta fafutuka har ya sami takardar aikin jirgi. Wani ƙaton jirgin dakon kaya mai suna Orsolina ya ɗauke shi, kuma shekara da shekaru duk wanda ya tambayi Pandu, amsar ɗaya ce, yana Orsolina. A tsakiyar teku ba su da waya. Sai jirgi ya tsaya a wata tasha, an kuma bar su sun sauka, sannan zai kira. Tsakanin kira da kira uwar takan rame, ta yi ta ƙona waina.

Wata safiya ta kawo min nawa na karin kumallo, ta tarar da wani ma'aikacin tasha a gaban kwamfuta yana duba ko jirgin simintinsu ya taso. Fuskar kwamfutar shuɗiya ce, an watsa mata ƙananan kibiyoyi launi-launi.

"Wannan tarin ƙwarin fa?" ta ce.

"Jirage ne, Mama," ya ce. "Kowace kibiya jirgi ɗaya. Tovuti ne da ke nuna inda kowane jirgi yake."

"Na nan Pemba?"

"Na duk duniya."

"Yanzu-yanzu?"

"Kusan yanzu."

Ta dire farantin a kan takardun mutane, abin da in wani ne ya yi, da an ji muryata har tasha. Ta matso kusa da ni.

"Orsolina," ta ce.

Na rubuta sunan. Shafin ya yi ta juyi, don intanet ɗinmu sai ya ga dama, sannan ya tsaya a kan wata koriyar kibiya ita kaɗai a ƙasan Indiya, hancinta na kallon yamma. Bi Kidawa ta miƙa yatsa mai maiƙo ta taɓa gilashin. Ta daɗe a haka, sannan ta ce, "Yana tafiya?" Na ce yana tafiya. Ta kama bakin mayafinta ta goge maiƙon, ta fita. Ina jin ta tana gaya wa mai gasa masara wai Pandu yana gaishe shi.

Daga ranar, kowace safiya sai ta tsallako. "Shamte, ɗana, buɗe min tovuti." A wurinta tovuti guda ɗaya ne a duniya, na jirage. Na yi mata bayani cewa shafukan ba su ƙirguwa, akwai na makarantu, na asibitoci, har na masu sayar da takalma. Ta ce, "To, Allah ya ba su sa'a. Buɗe min." Ranar da wata budurwa ta shigo a firgice ta ce an ce sakamakon jarrabawarta yana kan tovuti, Bi Kidawa ta dafa ta ta ce, "Ba ya nan, 'yata. Kullum ina dubawa, ruwa ne kawai da jirage."

Ba ta yi karatun boko ba, amma kafin shekara ta zagayo ta haddace bakin tekun rabin duniya da siffarsa. Ta san ƙahon nan na Somaliya, ta san matsatsin mashigar Bahar Maliya da take kira wuyan kwalba, ta san idan kibiya ta koma ɗigo jirgi ya tsaya. Ta gane kuma a tsakiyar teku kibiyar kan daskare 'yan kwanaki, sai jirgi ya kusanci ƙasa ta yi tsalle ta bayyana can gaba. Karon farko da hakan ta faru sai da na ba ta ruwa ta sha. Daga baya ita ce ke kwantar min da hankali. Idan ɗigo ya zauna a tasha sai ta kawo 'yar wayarta caji ta ce, "Gobe ko jibi Pandu zai kira," ya kuwa kira. Matan unguwa suka fara raɗe-raɗin tana da aljanu. Ta yi kumatu, har ta fara tsokanar direbobin motocin haya.

Sharaɗi ɗaya ta kafa min, kada Pandu ya sani. "In ya ji ina leƙensa zai ce na mai da shi jariri." Shi ya sa hirarsu ta waya ba ta sauya ba. Kana cin abinci? Kana sallah? Akwai sanyi? Shi kuma ya ba ta labarin kukunsu, wani tsoho ɗan ƙasar Filifin da ke ajiye masa ƙanzon shinkafa tun ranar da ya ji ya ce ƙanzo na tuna masa gida. Bi Kidawa ba ta san sunan tsohon ba, amma yana cikin addu'arta.

Kiran ƙarshe daga wata tasha a Indiya ya zo, gab da fara tsinkar kanumfari. Bayan nan Orsolina ya yi ta kai-komo tsakanin Indiya da ƙasashen Larabawa, yana tsayawa nan da can, amma waya shiru. Ta ce ba a barinsu su sauka ne. Ta faɗa, ta sake faɗa, har na gane ba ni take gaya wa ba. Sannan kibiyar ta juya hanci yamma, ta nufi wuyan kwalba. A lokacin rediyo ba ya rabuwa da ambaton wurin, yau an harbi jirgi, gobe an tare wani. Ni na daina kunna rediyo a shago idan tana kusa, ita kuma ashe tana da nata a gida.

Rannan na buɗe mata, ta duba, ta ce, "Jiya ma a nan yake."

"Kin san halinta, Mama. Ta daskare ne."

"A tsakiyar ruwa take daskarewa. Nan ga ƙasa ta dama, ga ƙasa ta hagu."

Gaskiyarta. Na nemo ma'aikacin tashar nan, ya ce babu komai, jirage da gangan suke kashe na'urar da ke nuna su idan za su ratsa wurin, don kada a gan su. Da sun fita za su kunna. Ta ce kwana nawa ake yi a ratsa? Ya ce ba ya wuce mako. Ta gyaɗa kai, ta koma bakin kaskonta.

Mako ya wuce, na biyu ya bi shi. Kibiyar da a da take kore shar ta koma launin toka, tana nan inda take, hancinta a bakin mashiga. Jiragen da suka shiga bayanta muna kallo suka ɓulla ta ɗaya bakin, suka wuce abinsu. Bi Kidawa ta san su duka da siffa da launi, takan nuna ta ce, "Wannan ai a bayansu yake."

Ta daina tuya. Mangwaron ya zama wurin kwanciyar awaki, ita kuma ta tare a bencin shagona daga safe har la'asar, hannu a cinya. Duk wanda ya tashi daga kan kwamfuta sai ta ce, "Shamte, sake dubawa." In sake. Ta ce in kashe in kunna. Ta ce in gwada ɗaya kwamfutar, ko wannan ta gaji da ita. Na ce wancan ai ta daɗe da mutuwa, kalmar na fita daga bakina na yi da-na-sanin zaɓenta. Ta ce, "Masu tovutin nan fa, ba a iya yi musu magana? Ka ce musu uwarsa ce." Irin maganar da nake yi wa mutane tsawa a kanta kenan, amma na zauna na rubuta musu. Amsar da ta dawo ba mutum ne ya rubuta ta ba, godiya ce kawai da Turanci. Na aika saƙo a lambar Pandu, bai shiga ba. Na bincika sunan jirgin a shafukan labarai ban sami komai ba, ba na alheri, ba na sharri.

Ba zan ɓoye ba, ni kaina tsoro ya kama ni. Da safe idan na zo buɗe kwaɗo jan lokaci nake yi, don na san tana tsaye a bayana. Na tsani kwamfutar nan, na tsani shuɗin fuskarta. Kanumfari ya cika hanya a kan tabarmi yana bushewa, ƙamshinsa ya cika gari, kowa na murnar kaka, mu biyu muna zaune muna kallon wani abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Aka kwashe kanumfari, kusi ta fara lafawa. A nan ne Mzee Faki ya shigo da sandarsa. Ya tsufa ƙwarai, amma idonsa na mutumin teku ne har yanzu. Ba mugu ba ne, shi ya biya wa Pandu kuɗin makaranta, shi ya raka shi wurin tela. Ya sa na nuna masa kibiyar, ya tambayi tsawon mashigar, ya tambayi gudun jirgin, ya yi lissafi yana motsa baki. Sannan ya juya wurinta.

"Kidawa, ko da hannu suke tuƙa shi, da ya fita."

"Kashe na'ura suka yi, Shemeji," ta ce, kamar yadda muke kiran wan miji.

"Waɗanda suka kashe sun kunna. Ke da bakinki kika nuna min su."

"Wataƙila tasu ta lalace."

"Wayar yaron ma ta lalace? Tun kafin kanumfari?" Ya sassauta murya. "Ni ma ɗana ne. Amma ba a barin mutum a rataye, bai ga masu rai ba, bai ga matattu ba. In ya riga mu gidan gaskiya, addu'armu yake jira, mu kuma muna nan muna gadin talabijin."

"Ba talabijin ba ne, tovuti ne."

"Ko ma mene ne."

"Shemeji," ta ce, "ranar Makame ka ce ba a ga komai ba, na yi shiru. Wannan ga shi ina gani da idona. Kibiyar tana nan."

"Tana nan," ya ce, "amma ba ta numfashi."

Ya miƙe da ƙyar ya ce iska na juyawa, ya riga ya yi magana da liman, ranar Juma'a bayan an idar za a yi sallar, sai fa idan kafin nan abin ya motsa. Da ya fita ta kalle ni ta ce, "Sake dubawa."

Maganar ta zaga Wete kafin magariba. Abokan Pandu suka liƙa hotonsa a wayoyinsu da Inna lillahi a ƙasa. Mata suka fara kai shinkafa da kwakwa gidanta saboda sadaka, ita kuwa ta ƙi zama a gidan, ta bar musu shi. Na roƙe ta ta ci wani abu, ta ce bakinta ɗaci. Ranar Laraba ta ce min, "In suka yi sallar nan, Shamte, kada ka goge sunan." Na ce ba zan goge ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar, ina fama da wata takarda da ta maƙale a inji, wayata ta yi ƙara. Doguwar lamba ce, irin ta 'yan damfara. Na ɗauka da shirin zagi.

"Shamte? Shamte mai tsawa?"

"Uban wa ke magana?"

"Ni ne, Pandu. Don girman Allah yaushe na mutu? Yanzu na sauka na sayi layi, ina buɗe waya na ci karo da hotona, an rubuta Inna lillahi. Kuma duk hotunana a rasa wanda za a sa sai na ranar da aka yi min mummunan askin nan?"

Na zauna a kan kwalin takardu. Na miƙa wa Bi Kidawa wayar, na ce mata Pandu ne. Ba ta karɓa ba. Ta juya ta kalli kwamfuta, kibiyar na nan da launin tokarta.

"Ƙarya ne," ta ce. "Bai motsa ba."

Na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Mama? Shikamoo, Mama."

"Marahaba," ta amsa, don baki ya saba amsa gaisuwa tun kafin zuciya ta yarda. Sannan ta fizge wayar da hannu biyu ta manna a ƙirjinta, ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin babba ya yi ba. Mai gasa masara ya leƙo, ya ji muryar, ya zura da gudu kiran Mzee Faki, ya bar masararsa na ƙonewa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Kana ina?"

"Brazil."

Ta kalle ni. Na ja taswirar hagu, na wuce Afirka gaba ɗaya, na tsallake wani teku da ba ta taɓa sanin yana bayanmu ba, na nuna mata.

"Ta ina jirgin ya bi ya je can, ban gani ba?"

"Wane jirgi?"

"Orsolina mana."

"Mama, ai ni na bar Orsolina tun Indiya. Washegarin da na kira ki wa'adin aikina ya cika, aka sa ni a wani jirgin a nan tashar. Tun daga nan ba mu taka ƙasa ba sai yau, a waje aka yi ta ajiye mu muna jiran layi."

"Faɗa kuka yi da nahoda?"

"Wane irin faɗa? Haka ake yi. Kowa sauyawa yake."

"Kamar riga?"

Mzee Faki ya iso daidai nan, yana haki, hularsa a karkace. Ya ji maganar ƙarshe, ya buga sanda a ƙasa, hawaye na bin gemunsa. "Kai, ɗan banza! Wane irin ma'aikacin jirgi ne kai? Mutum ya bar jirginsa bai aiko gida ba? Ubanka har ya koma ga Allah bai san cikin wani jirgi ba!"

"Baba, shikamoo. Ashe kai ne za ka yi min sallah gobe?"

"Da na yi ma, da ka ji a jikinka!"

Muka yi dariya muna share ido. A duk tsawon wannan azaba babu ɗayanmu da tunaninsa ya je nan, ni da kwamfutata, Mzee Faki da shekarunsa a ruwa, liman da iliminsa. An ce Pandu yana Orsolina, shi kenan, inda jirgin yake nan yake.

Pandu ne ya katse dariyar. "Tsaya, Mama. Ke ta yaya kika san inda Orsolina yake?"

Ta kalle ni kamar in cece ta, na ɗaga kafaɗa. Ta ce a hankali, "A tovuti."

Sai da na ba shi labarin duka, tun daga ranar farko har zuwa bencin da ta tare a kai da kaskon da ya yi ƙura.

"To wallahi ba zan faɗa miki sunan sabon ba," ya ce. "Abin nan kashe ki zai yi. Na'ura ce, tana ɗaukewa, tana ƙarya. Ki bari in na sauka zan kira."

"Pandu."

"Na rantse, Mama."

"Za ka yi kaffara. Saurara." Ta gyara zama. "Na jira ubanka a kan tudu, ba suna, ba kibiya, ruwa kawai. Ka ɗauka in ka hana ni sunan zan daina kallo? Tudun zan koma. Zaɓi inda kake so in tsaya."

Muna jin hayaniyar motocin wata ƙasa ta cikin wayar. Can ya ja dogon numfashi ya faɗi sunan, harafi-harafi, na rubuta. Koriyar alama ta fito a bakin Brazil, ɗigo ne, jirgi a tsaye. Ba ta taɓa gilashin ba wannan karon, kallo kawai ta yi.

Kafin layin ya yanke ya ce, "Amma Orsolina fa, me kuka ce ya same shi?" Na gaya masa. Ya ce wataƙila an sayar da shi an sauya masa suna, hakan na faruwa, ko an kai shi inda ake yanka tsofaffin jirage. Ya faɗa da sauri, irin yadda uwarsa ke cewa ba a barinsu su sauka ne.

"Tsohon nan mai ƙanzo," ta ce, "shi ma ya sauya?"

"A'a. A ciki na bar shi."

Shinkafar sadaka ta zama ta godiya, ranar Juma'a duk layinmu aka ci aka ƙoshi. Da safen ranar, ina zuwa buɗe shago na ji ƙamshin waina, hayaƙi na tashi a ƙarƙashin mangwaro. Raina ya yi fari, na ce yau dai zan buɗe kwaɗo hankali kwance. Ta tsallako da faranti, ta dire shi a kan takardun mutane.

"Buɗe min tovuti."

Na buɗe. Ɗigon Pandu na nan lafiya lau. Ta yi hamdala, na kai hannu zan rufe.

"Yanzu wancan."

"Wanne?"

"Ka sani."

"Mama, Pandu ba ya ciki."

"Na ji da kunnena."

"To me za ki kalla? Kin ga yadda kika koma? Ki bar shi haka nan, don Allah." Saura kaɗan in yi mata tsawa, karon farko a rayuwata.

"Wata da watanni ina raka jirgin nan da addu'a," ta ce. "Duk wanda ke ciki ya ci daga addu'ar. Yau don nawa ya fita sai in juya musu baya? In uwayensu ba su san da tovuti ba fa, wa zai tsaya musu?"

Na rubuta sunan. Shafin ya yi juyinsa ya tsaya a bakin wuyan kwalba, kibiyar toka na nan, hancinta na kallon mashiga. Bi Kidawa ta ja benci ta zauna. Tun daga ranar shafi biyu nake buɗe mata kowace safiya, na farkon ta kalle shi a tsaye, na biyun sai ta zauna. Har yau kibiyar ba ta motsa ba, ita kuma kafin ta koma bakin kaskonta sai ta ce, "Sake dubawa, Shamte."